Yadda ake tura kod zuwa ma'ajiyoyin Git biyu ko uku da umarni ɗaya

Yawancin masu koyon Git suna farawa ne da ma'ajiya ɗaya a GitHub, su rubuta `git push`, aiki ya tafi, shi ke nan. Sai ranar da buƙata ta taso: abokan aiki suna GitLab, masu amfani da manhajar suna neman ta a GitHub, ko kuma mutum ya ji bai natsu ba da barin aikin shekaru a hannun kamfani ɗaya. Wannan rashin natsuwar yana da dalili. Google Code ya rufe a 2016, Gitorious ya rufe a 2015 bayan GitLab ya saye shi, kuma duk wanda ke da kod a can sai da ya kwashe kayansa. Shi kansa Git, tun da Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, ba a gina shi a kan saba ɗaya ba, wato babbar kwamfuta guda da kowa ke dogara da ita. Kowane kwafi cikakke ne, don haka ajiye aiki a wuri biyu ko uku abu ne da ya dace da tsarinsa.

Saitin kansa bai wuce umarni huɗu ko biyar ba. Abin da ke cin lokaci shi ne abin da ke biyo baya, wato ranar da ma'ajiya ɗaya ta karɓa, ɗayar ta ƙi, kai kuma ba ka lura ba. A can zan fi daɗewa.

Kayan aiki

Kana buƙatar Git a kwamfutarka. Rubuta `git --version`, in ya nuna lamba to yana nan. Sai aikin da ya riga ya zama ma'ajiyar Git, mai `commit` aƙalla ɗaya, wato gyaran da aka adana a tarihin aikin. Sai asusu a kowane gidan da za ka ajiye kod. Zan yi misali da GitHub da GitLab, amma Bitbucket da Codeberg da sabar da kake gudanarwa da kanka duk hanya ɗaya ce. Sai tagar rubuta umarni. Mai Windows ya buɗe Git Bash, domin wasu umarnin da ke ƙasa ba sa aiki a tagar umarni ta asali ta Windows. Sai editan rubutu kowane iri.

Game da kalmomi: in na ce ma'ajiyar nesa, abin da Git ke kira `remote` nake nufi. Reshe shi ne `branch`, turawa `push`, ɗaukowa `fetch`. A misalai, maye gurbin `sunanka` da sunan asusunka, `aiki` da sunan aikinka. Na ɗauka babban reshenka `main` ne. In tsohon aiki ne mai `master`, sa wannan a duk inda ka ga `main`.

Mataki na 1: Zaɓi uwa

Kafin ka taɓa madannai, yanke shawarar wace ma'ajiya ce uwa. A can ake haɗa gyare-gyare, a can abokan aiki ke turawa, daga can kake jawowa. Sauran kwafi ne kawai, suna karɓa daga hannunka, ba wanda ke rubutu a cikinsu.

Mutane kan tsallake wannan matakin saboda babu umarni a cikinsa. Amma ka sani, Git yana iya turawa zuwa adireshi da yawa a tafiya ɗaya, ba ya kuma ɗaukowa sai daga adireshi ɗaya a kowace ma'ajiyar nesa. In wani ya yi gyara a GitLab, wani ya yi a GitHub, tarihin ya rabu gida biyu ke nan, kuma kai ne za ka zauna ɗinke shi da hannu. A misalinmu GitHub ce uwa, GitLab kwafi.

Mataki na 2: Buɗe ma'ajiya ta biyu babu komai a ciki

Shiga GitLab ka buɗe sabon aiki. Za ka ga akwatin da ke tambaya ko a fara maka da fayil ɗin README. Cire alamar da ke cikinsa. Haka lasisi da `.gitignore` in an ba ka zaɓi, kar ka karɓi ko ɗaya. Da zarar an saka fayil ɗaya, ma'ajiyar ta samu `commit` nata na farko wanda ba shi da dangantaka da tarihinka, kuma turawarka ta farko za ta dawo da `rejected`.

In har ka riga ka yi kuskuren, mafi sauƙi ka goge aikin ka sake buɗe wani. Akwai `--allow-unrelated-histories` da ke haɗa tarihi biyu marasa dangantaka, amma ban ga amfanin ɓata tarihin aiki saboda README mai layi biyu ba.

Duba kuma ko ma'ajiyar ta sirri ce ko ta fili. In uwar ta sirri ce, ka buɗe kwafin a fili bisa kuskure, turawa ɗaya ta isa ta baje wa duniya komai, har da tsofaffin `commit` da ka manta abin da ke cikinsu.

Mataki na 3: Makullin SSH

Ana iya aiki da adireshin HTTPS, amma tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirri ta asusu wajen turawa, sai `token`, wato lambar izini ta musamman da ake samarwa a saitin asusu. Ga ma'ajiya biyu ko uku, SSH, wato shiga da makulli maimakon kalmar sirri, ya fi sauƙi, makulli ɗaya ya isa duka. In ba ka da shi:

```
ssh-keygen -t ed25519 -C "kwamfutar-aiki"
cat ~/.ssh/id_ed25519.pub
```

Fayil biyu za a samar. Mai ƙarewa da `.pub` shi ne na fili, shi za ka kwafa ka liƙa a shafin saitin makullai na GitHub, ka kuma liƙa shi a na GitLab. Ɗayan, marar `.pub`, ba ya barin kwamfutarka ko da wa ya tambaya. Gwada kowanne:

```
ssh -T git@github.com
ssh -T git@gitlab.com
```

Kowanne zai gaishe ka da sunan asusunka. In ka ga `Permission denied`, tsaya nan ka gyara, kar ka wuce gaba.

Matsala biyu kan taso a nan. Ta farko, in asusu biyu gare ka a gida ɗaya, misali na aiki da na kanka duk a GitHub, makulli ɗaya ba zai yi ba, domin GitHub ba ya yarda a saka makulli ɗaya a asusu biyu. Sai ka yi makulli na biyu, ka ba shi laƙabi a fayil ɗin `~/.ssh/config`:

```
Host github-aiki
    HostName github.com
    User git
    IdentityFile ~/.ssh/id_aiki
    IdentitiesOnly yes
```

Daga nan adireshin wannan asusun ya zama `git@github-aiki:sunanka/aiki.git`.

Ta biyu, wasu hanyoyin intanet na ofisoshi da makarantu suna toshe ƙofa ta 22 da SSH ke bi. Alamarsa, umarnin ya tsaya cik har ya gaji. Gidajen biyu suna da ƙofar baya a 443: `ssh.github.com` da `altssh.gitlab.com`. A wannan fayil ɗin dai, ƙarƙashin `Host github.com` ka sa `HostName ssh.github.com` da `Port 443`, ka yi irin haka ga GitLab.

In dole sai HTTPS, kar ka cusa `token` a cikin adireshin. Zai zauna a fili a `.git/config`, duk wanda ya ga allonka lokacin da ka rubuta `git remote -v` ya gan shi. Bari ma'ajin kalmomin sirri na Git ya riƙe shi.

Mataki na 4: Ba kowace ma'ajiya sunanta, ka tura na farko da hannu

Shiga foldar aikin ka ga abin da ke akwai:

```
git remote -v
```

In daga GitHub ka kwafo aikin, za ka ga `origin`, sunan da Git ke ba ma'ajiyar da ka kwafo daga gare ta, sau biyu, layin ɗaukowa da layin turawa. Bar shi yadda yake tukuna. Ƙara sunaye biyu, kowanne na nuna wuri ɗaya tak:

```
git remote add github git@github.com:sunanka/aiki.git
git remote add gitlab git@gitlab.com:sunanka/aiki.git
```

Za ka ce `github` ai maimaicin `origin` ne. Haka ne a yanzu. Nan gaba `origin` zai zama mai turawa wuri biyu, kuma ranar da kake son magana da ɗaya kaɗai, waɗannan sunayen ne za su fishe ka. Na daɗe ina aiki babu su, duk lokacin da matsala ta taso sai na nemo doguwar adireshi na liƙa.

Yanzu cika sabuwar ma'ajiyar:

```
git push gitlab --all
git push gitlab --tags
```

Umarni biyu ne daban domin `--all` rassa kawai yake turawa, ba ya ɗaukar alamomin siga, wato `tag`. Kuma rassan da ke kwamfutarka kaɗai yake nufi. In a GitHub akwai rassa goma, kai uku ka taɓa buɗewa, uku ne za su tafi. In kana son komai da komai, yi kwafi na wucin gadi a wata folda daban:

```
git clone --bare git@github.com:sunanka/aiki.git
cd aiki.git
git push --mirror git@gitlab.com:sunanka/aiki.git
```

Kana gamawa ka goge wannan foldar. Gargaɗi a kan `--mirror`: yana mai da wancan gefen daidai da naka sak, ma'ana duk reshen da ke can wanda babu shi a wurinka, zai goge shi ba tare da tambaya ba. Ga ma'ajiyar da babu komai a ciki ba laifi. Ga uwa, ko ga aikin yau da kullum, nesanta kanka da shi.

Mataki na 5: Haɗa adireshin turawa

Ga asalin aikin. Kowace ma'ajiyar nesa a Git tana da `url`, tana kuma iya samun `pushurl` ɗaya ko fiye. In babu `pushurl`, da `url` ake ɗaukowa, da shi ake turawa. In akwai `pushurl` ko guda ɗaya ne, Git ya daina turawa ta `url` gaba ɗaya, sai ta abin da ke jerin `pushurl`.

Sake karanta jimlar nan ta ƙarshe, domin a nan kusan kowa ke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Na ƙara adireshin kwafi kaɗai, na ɗauka na farkon yana nan daram tunda ban cire shi ba. Na yi kwanaki ina turawa, babu kuskure ko ɗaya a allo, ashe komai kwafin yake tafiya, uwar tana nan inda na bar ta. Sai da abokin aiki ya tambaye ni ko na daina aikin ne. Laifina ne, ban duba ba.

Saboda haka adireshi biyun duka za ka ƙara, uwa a farko:

```
git remote set-url --add --push origin git@github.com:sunanka/aiki.git
git remote set-url --add --push origin git@gitlab.com:sunanka/aiki.git
```

Sake rubuta `git remote -v`. A ƙarƙashin `origin` layi uku ya kamata ka gani:

```
origin  git@github.com:sunanka/aiki.git (fetch)
origin  git@github.com:sunanka/aiki.git (push)
origin  git@gitlab.com:sunanka/aiki.git (push)
```

In layin turawa ɗaya ka gani, ba ka gama ba. In kana da wuri na uku, maimaita umarnin da adireshinsa.

Duk abin da umarnin nan suka yi, rubutu ne a fayil ɗin `.git/config`. Buɗe shi ka gani, yana da kyau ido ya saba da shi:

```
[remote "origin"]
    url = git@github.com:sunanka/aiki.git
    fetch = +refs/heads/*:refs/remotes/origin/*
    pushurl = git@github.com:sunanka/aiki.git
    pushurl = git@gitlab.com:sunanka/aiki.git
```

Kana iya gyara shi da edita kai tsaye, ka sauya jeri, ka goge layi. In kuma ka fi son umarni, `git remote set-url --delete --push origin` tare da adireshin yana cire ɗaya.

Wasu kan bar `origin` yadda yake, su buɗe sabon suna kamar `duka` su jera adireshin a ƙarƙashinsa, sai su riƙa rubuta `git push duka main`. Yana aiki, kuma yana da amfani in ba kowane reshe kake son ya je ko'ina ba, misali rassan gwaji su tsaya a uwa, `main` kaɗai ya je kwafi. Illarsa mantuwa. Hannu ya saba da `git push` tsurarsa, bayan wata biyu sai ka tarar kwafin ya tsufa. Ni na fi son saitin ya zauna a `origin`, yadda ko editan da ke da maɓallin turawa zai tura duka ba tare da ya sani ba. In ka zaɓi hanyar `duka`, kar ka sa `-u` wajen turawa, domin zai mai da reshenka yana bin `duka` maimakon `origin`.

Mataki na 6: Gwaji

Fara da gwajin da ba ya taɓa komai:

```
git push --dry-run origin main
```

Zai tuntuɓi wuraren biyu ya nuna abin da zai yi. Sannan yi ƙaramin gyara, ka yi `commit`, ka rubuta `git push`. Kalli allo: sashe biyu za ka gani, kowanne ya fara da `To` da adireshinsa. In babu sabon abu, `Everything up-to-date` zai fito sau biyu.

Don alamomin siga su riƙa bin turawa, sa wannan sau ɗaya:

```
git config push.followTags true
```

Yana ɗaukar alamomin da aka yi da `git tag -a` ne kawai. Marasa bayani sai ka tura su da `git push origin --tags`.

Mataki na 7: Koyi tabbatarwa, kar ka dogara da `git status`

Git ba ya tura wa wuraren biyu a lokaci guda. Bi da bi yake yi, bisa jerin da ke `.git/config`, kuma babu alkawarin cewa ko duka su karɓa ko duka su ƙi. Akwai zaɓin `--atomic`, amma shi rassan da ke tafiya wuri ɗaya yake ɗaurewa, ba ya ɗaure wurare biyu.

Gazawa kuma iri biyu ce, kowacce da halinta. In wuri ya amsa amma ya ƙi karɓa, wato `rejected`, Git yana wucewa ya gwada na gaba. In kuwa an kasa ma isa wurin, saba ta faɗi, ko makulli bai yi ba, ko adireshin ya sauya, Git yana tsayawa nan take da `fatal`, duk adireshin da ke bayan wannan ba a taɓa su ba. Dalilin da ya sa na ce uwa a farko ke nan: in kwafi ya faɗi, aikin ya riga ya isa inda ake jiransa.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne alamar `origin/main` da ke kwamfutarka, wadda Git ke tuna inda `main` na `origin` ya tsaya da ita. Guda ɗaya ce, alhali wurare biyu ne. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya karɓa, Git yana matsar da ita gaba, sai `git status` ya ce maka komai daidai ne ko da ɗayan ya ƙi. Alamar `gitlab/main` kuwa ba ta motsi in ta `origin` ka tura, sai ka ɗauko. Don haka hanyar sanin gaskiya ita ce:

```
git fetch --all
git rev-parse main github/main gitlab/main
```

Dogayen lambobi uku za su fito. In iri ɗaya ne, komai daidai. In ba ka son ɗauko komai, tambayi kowace saba kai tsaye:

```
git ls-remote github refs/heads/main
git ls-remote gitlab refs/heads/main
```

Ni nakan yi wannan kafin fitar da kowace sabuwar siga, da kuma duk ranar da na ga wani jan rubutu ya gifta a allo ban karanta ba.

Mataki na 8: In sun rabu

In kwafi baya kawai ya tsaya, saboda saba ta faɗi ranar, magani ɗaya ne: `git push gitlab main`, ko ka sake `git push`, wanda ya riga ya karɓa zai ce babu sabo, ɗayan ya karɓa.

In kuwa wani ya rubuta a kwafin, wataƙila ya gyara harafi ɗaya a README ta shafin yanar gizo, za ka ga `rejected` tare da `fetch first`. Kar ka yi saurin `git pull`, domin shi daga uwa yake jawowa, zai ce maka babu sabon abu, ka sake turawa a sake ƙi, ka rasa gane abin da ke faruwa. Duba abin da ke can wanda ba ka da shi:

```
git fetch gitlab
git log --oneline main..gitlab/main
```

In gyaran mai amfani ne, haɗa shi da `git merge gitlab/main`, sannan `git push`. Uwa ta samu, kwafi ya daidaita. Bayan nan ka rage wa mutane izinin rubutu a kwafin, ka kuma rubuta a bayanin aikin cewa wannan kwafi ne, ga inda uwa take.

In gyaran ba a son shi, ko kai ne ka sake rubuta tarihi da `rebase`, sai turawar dole. A nan yi wa kowane wuri daban, da sunayen da muka ajiye a mataki na 4:

```
git fetch github
git push --force-with-lease github main
git fetch gitlab
git push --force-with-lease gitlab main
```

Kar ka yi ta `origin`. Shi `--force-with-lease` yana gwada abin da ke saba da alamar da ke kwamfutarka, in sun bambanta ya ƙi. Ta `origin`, wuri na farko yana karɓa alamar ta matsa, sai wuri na biyu ya ƙi da `stale info`. Daga nan ne mutum kan fusata ya rubuta `--force` tsurarsa, ya shafe wurare biyu da umarni ɗaya. Ka tuna ma GitLab yana kare babban reshe tun daga buɗe aiki, ba ya karɓar turawar dole a kansa sai ka shiga saiti ka ba da izini. Ka mayar da kariyar in ka gama.

Haka goge reshe: `git push origin --delete` da sunan reshe yanzu yana gogewa a duka wuraren. Kwafin da ke karɓar duk abin da ka yi yana karɓar kuskurenka ma, a daƙiƙa ɗaya. Yana kare ka daga faɗuwar saba da rufe asusu, ba ya kare ka daga hannunka.

In wannan hanyar ba ta dace da kai ba

In ɗaya daga wuraren yana yawan faɗuwa, kamar ƙaramar saba ta ofis ko wadda sai da VPN ake isa gare ta, tsayawar `fatal` za ta dame ka. Maimakon `pushurl`, yi gajeren umarni naka da ke bin wuraren ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba ko da ɗaya ya gaza:

```
git config alias.turaduka '!f() { for r in github gitlab; do git push "$r" "$@"; done; }; f'
```

Sai ka riƙa rubuta `git turaduka main`. Ƙarin ribarsa, kowace alama, `github/main` da `gitlab/main`, tana matsawa ne kawai in wurinta ya karɓa. Za ka ga wasu suna sa `$(git remote)` a madadin jera sunaye. Ban cika so ba, domin yana kwasar duk ma'ajiyar nesa da ke akwai, har da `upstream` na aikin wasu da ka kwafo naka daga gare shi.

In ku da yawa ne a aikin, kar a ɗora wa kowa wannan saitin. Fayil ɗin `.git/config` ba ya bin `git clone`; kowace kwamfuta, har taka ta biyu, sai an sake yi mata daga farko, kuma mutum ɗaya da ya manta ya isa. Gara saba ta yi aikin. GitLab yana da wannan a saitin ma'ajiya, sashen `Mirroring repositories`: ka ba shi adireshin kwafi da izinin rubutu, duk abin da aka turo masa ya miƙa can da kansa. A wannan tsarin GitLab ce uwa. Gitea da Forgejo, manhajar da Codeberg ke gudana a kanta, su ma suna da irinsa. In GitHub ce uwa, ana yi da GitHub Actions, a ajiye makullin da zai rubuta a kwafin cikin ma'ajin sirri na aikin.

In kuma babu intanet mai ƙarfi, ko ba ka son kwafin ya zauna a hannun kowa, filashi ko faifan waje ya isa zama ma'ajiyar nesa:

```
git init --bare /media/filashi/aiki.git
git remote add filashi /media/filashi/aiki.git
git push filashi --all
git push filashi --tags
```

Sa hanyar da kwamfutarka ke nuna filashin. A Git Bash takan zama kamar `/e/aiki.git`. Kar ka sa shi a jerin `pushurl`, in ba haka ba duk ranar da ba a haɗa shi da kwamfutar ba sai turawa ta ƙare da kuskure. Sababbin sigogin Git kan yi ƙorafin `dubious ownership` a kan irin waɗannan faifan. Saƙon da kansa yana ba ka umarnin `safe.directory` da za ka kwafa.

Abin da turawa ba ta ɗauka

Kod da tarihinsa ne kawai ke tafiya. Rahotannin matsaloli, buƙatun haɗa gyara da muhawarar da aka yi a kansu, fayilolin da aka liƙa wa fitar da siga, da saitin izini, duk a rumbun bayanan gidan suke, ba a cikin Git ba. Wiki ma ma'ajiya ce daban mai adireshinta.

In kana amfani da Git LFS don manyan fayiloli, kar ka ɗauka sun isa duka wuraren. Tura su da suna, `git lfs push --all gitlab`, sannan ka kwafo aikin daga can a wata folda ka ga ko fayilolin sun buɗe. Dokokin gidajen ma sun bambanta: GitHub yana ƙin duk fayil ɗin da ya wuce 100 MB, don haka tarihin da sabarka ta karɓa lafiya yana iya makalewa a can saboda fayil ɗaya da aka saka shekarun baya, ko da an goge shi daga baya.

Sai gwaji da ɗora manhaja na kai tsaye. GitHub yana karanta foldar `.github/workflows`, GitLab yana karanta `.gitlab-ci.yml`, kowanne ba ya kula na ɗan'uwansa. In aikinka yana da duka biyun, kuma kowanne yana ɗora manhaja a saba, turawa ɗaya za ta ɗora sau biyu, wani lokaci suna rige-rige. Shiga saitin kwafin ka kashe wannan sashen tun kafin turawar farko ta mataki na 4.